Fitar bayan Sallah: Tiga ko Baturiya? Masu sanin ruwa ku taimaka

Ɗan Gaya:
Assalamu alaikum jama'a. Abokan karatunmu na sakandare ne suka ɗora mini shirya fita bayan ƙaramar Sallah. Mu 14 ne, har da yara 4, ƙaraminsu shekararsa 6. Mun tara N180,000, kuma hayar bas daga Gaya za ta cinye kusan rabi. So muke mu shiga jirgi mu zaga, a gasa kifi, mu kamo hanya kafin magariba. Kai ya rabu tsakanin Dam ɗin Tiga a Kano da dausayin Baturiya a Jigawa. Bagauda kam mun cire shi, can muka je bara. Wanda ya taɓa zuwa ya faɗa mini nawa ake ɗaukar jirgi, ko ana samun rigar kariya daga nutsewa ta yara, da lokacin da ya fi dacewa a shiga ruwa.

Abban Sadik:
Wa alaikumus salam. Ku tafi Bagauda kawai, ya fi kusa da titi.

Ɗan Gaya:
Abban Sadik, daure ka karanta har ƙarshe.

Na Kiri:
Ni ɗan Kirikasamma ne, Baturiya ƙofar gidanmu ce. Ɗan'uwa, da bazara za ku zo? Ruwan Baturiya na ambaliya ne, kogin Haɗeja ne ke cika shi da damina, daga kaka kuma ya fara janyewa. Yanzu sai tafkuna a warwatse da taɓo. Tsuntsayen da ake zuwa kallo, masu tasowa daga Turai, da hunturu suke sauka, kafin zafi ya kankama yawancinsu sun koma. Inda ruwan ya rage kuma doguwar ciyawar ruwan nan, kachala, ta rufe hanya, mai kwale-kwale da gora yake tura ku ta wani ɗan lungu, ba ka ganin komai sai ciyawa ta fi tsayinka. In kun haƙura zuwa Disamba ni zan tarbe ku. Yanzu kam Tiga.

Maman Ikram:
Mu da muka je Tiga N500 kowane kai aka karɓa, aka zaga da mu aka dawo.

Sani Mai Shayi:
N500 a wace shekara, Hajiya? Mu N25,000 muka biya shatar jirgi mai inji, kuma da ƙyar ya sallama.

Maman Ikram:
To ku kun je da manyan kaya da gilashi, dole a yanka muku. Mu na filafili muka hau.

Baban Walida:
Ɗan Gaya, ka saurare ni da kyau, ni jiki magayi ne. Bikin ƙanina muka kai abokan ango wani dam a ƙasar Kano, ba zan kama suna ba. Muka yi ciniki da wani mai jirgi N12,000, ya kai mu wancan ƙetaren ya dawo da mu. Na tambaye shi rigar kariya, ya yi dariya ya ce shekara nawa yana fito bai taɓa kifar da kowa ba. Muka shiga bayan azahar, ruwa luf. Ya sauke mu a wani tsibiri mai duwatsu, ya ce mu ci abincinmu zai je ya dawo. Aka yi la'asar ba shi. Da ya iso sai ya ce kuɗin zuwa muka biya, na dawowa daban, wai mai ya ƙare masa sai da ya sayo. A tsakiyar ruwa wa za ka kai wa ƙara? Muka haɗa masa N8,000.

Ba ma wannan ne ya ƙona mini rai ba. A dawowa iska ta taso, jirgin na sama na ƙasa, ruwa na fantsamowa ciki, yaron jirgin na kwashewa da yankakkiyar jarka. Ana cikin haka inji ya bugi kututture a ƙarƙashin ruwa ya mutu. Wani abokin ango da bai iya iyo ba ya miƙe tsaye don tsoro, jirgin ya karkata, da ba a fizgo shi ya zauna ba da yanzu wani labarin ake. Salati kawai kake ji. Da filafili ɗaya muka ƙarasa, ana kiran isha'i. Wayoyi biyu sun sha ruwa, amarya na can ta kira har ta gaji ta fara kuka. Da muka sauka mutumin nan har yana cewa a ba yaronsa na goro.

Ɗan Kwalisa:
To kun ba shi?

Baban Walida:
Ango ya ba shi. Har yau ban yafe wa angon ba.

Maman Ikram:
Innalillahi. Baban Walida, ai da kun riƙe rabin kuɗin tun farko sai an dawo gaɓa.

Baban Walida:
Hajiya, a tsibiri ko ka riƙe duka kuɗin, shi ke riƙe da jirgin.

Malam Na Bichi:
Ni dai tun abin da ya faru a Bagwai ban ƙara yarda ɗana ya taka jirgi ba. Ranar 30 ga Nuwamba 2021 jirgi ya tashi daga Badau zai ƙetare Dam ɗin Watari, akasarin fasinjojin ɗaliban Islamiyya ne za su Mauludi, ya kife, mutum aƙalla 29 suka rasu. Lodi ne ya yi yawa. Waɗannan dole ce ta sa su shiga, hanyarsu ce. Ku kuwa wace dole ce za ta sa ku kwashi yara ku kai su?

Jikan Masunta:
Allah ya jiƙansu da rahama. Amma Allah gafarta Malam, da haka ne da ba mai hawa mota. Ni a bakin Tiga na tashi, wajen Rurum, mahaifina da kamun kifi ya aurar da mu. Ɗan Gaya, abin da na sani ke nan. Ku iso da hantsi, ku fito kafin azahar, don iskar bazara da yamma take tashi, in kuma hadarin farkon damina ya haɗo daga gabas, iskarsa tana riga ruwan isowa. Mutum 14 kada ku yarda a zuba ku jirgi ɗaya, a yi sawu biyu. Ku bi gefen gaɓa, babu abin da ke tsakiya sai zurfi. Ku nemi sarkin ruwan mashigar ya haɗa ku da matuƙi, wanda ya san za a tambaye shi in wani abu ya faru. Kada kowa ya miƙe a cikin jirgi, ko don hoto. Kifi kuma ku saya da safe a hannun masunta, karfasa ta fi daɗin gashi, tarwaɗa a bar ta wa farfesu.

Injiniya Bebeji:
Duk wannan ba ya maye gurbin rigar kariya. Tiga ba kududdufi ba ne. An kammala shi a 1974 zamanin Audu Bako, an gina shi ya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Ƙa'idar NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, ita ce kowane fasinja ya sa riga, kuma ba a tafiyar dare. Sarkin ruwa ba zai ɗago yaro ɗan shekara 6 daga ƙasan dam ba.

Jikan Masunta:
Yallaɓai, ka taɓa riƙe filafili?

Injiniya Bebeji:
Sai na taɓa riƙewa zan san ruwa yana cin mutum?

Jikan Masunta:
Ban ce kar a sa riga ba. Cewa na yi a mashigarmu ban taɓa ganin ta yara ba, ta manya ma ɗaiɗaiku ce, wata igiyar ta tsinke. In ka sa wa yaro ta babba, yana faɗawa ruwa za ta zame ta kansa. Ka faɗa masa inda zai samo, ba ka karanto masa doka ba.

Ɗan Kwalisa:
A ɗaura wa kowa jarka biyu a ƙugu, in an dawo a sayar da su a rage asara.

Sani Mai Shayi:
Ɗan Kwalisa kai ko a bokiti sai an riƙe ka.

Anti Nas:
Kowa na maganar nutsewa, ba wanda ya ambaci tsargiya. Ruwan da ba ya gudu, mai ciyayi a gefe, shi ne gidan ƙananan dodon koɗin da ke ɗauke da ita. Ba sai yaro ya sha ba, ta fata take shiga, wasa a gefen ruwa ma ya isa. Sai an kwana biyu, an manta da fitar, a ga jini a ƙarshen fitsari. Akwai magani, praziquantel, amma me ya kai ku? Kanal ɗin da ke fita daga dam ɗin kuma kada yaro ya je kusa, simintin santsi gare shi, ruwan kuma yana ja.

Ɗan Gaya:
Na gode ƙwarai. To in na fahimta, sawu biyu kafin azahar. Amma har yanzu ban san nawa zan ware wa jirgi ba, daga N500 zuwa N25,000 akwai tazara.

Manomin Auyo:
Ku kuna lissafin kuɗin shaƙatawa a kan ruwan da mu yake hana mu barci. Da rani mu yi ta jiran ruwa shinkafa na ƙonewa, da damina a sako mana shi lokacin da ba mu nema ba. A 2022 gonata da kwale-kwale na shiga, kan dawa kawai nake hangowa. Tun da aka tare kogin nan da dam, ruwa ya daina tafiya da lokacinsa, kachala ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin, tsuntsayen jan-baki kuma suka samu gidan kwana a cikinta.

Na Kura:
Baba, a yi mana adalci. Ba don wannan ruwan ba da Kura da Bunkure da Garun Malam ba su noma tumatir da shinkafar da kuke saya ba. Mu ma kanal ɗinmu ya cika da ciyawa, na ƙarshen layi sai ya kwana a gona yake samun ban-ruwa.

Manomin Auyo:
Kai kana kwana a gona ka samu ruwa. Ni ruwan ne ke zuwa ya kwana a ɗakina.

Na Kiri:
Gaskiyar Baba ce. Mu nan duk shekara da lauje da gayya muke buɗe hanyar ruwa, kafin wata biyu ta sake rufewa. Wa ya taɓa jin an yanke kachala ta haƙura?

Abban Sadik:
Wai har yanzu ba a tsayar ba? Ni dai na ce Bagauda.

Na Kura:
Baba Manomi, buhu nawa ka samu bana a kadada? Ina so in kwatanta da namu.