Ƙuraje sun warke amma Baba na kuka da zafi, a taimaka mini da shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Daga Tudun Wada nake. Bara wasu ƙuraje masu ruwa suka feso wa mahaifinmu a gefe ɗaya na haƙarƙari, likita ya ce ƙwayar cutar ƙarambau ce ta farka. Ƙurajen sun bushe sai tabo, amma ko riga ta goge wurin sai ya yi salati. Duk sanyin hunturun nan ba riga yake kwana. Kullum yana shan diclofenac daga kemis, kuma wasu sun fara cewa jifa ne. Don Allah me ke damunsa?

Wata ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumus salam, Allah Ya ba Baba lafiya. Ƙanwata, ba jifa ba ne. Saƙon zafi ba kai tsaye yake isa ƙwaƙwalwa ba. Jijiyoyin fata suna fara kai shi laka, cikin ƙashin baya, a can ake rage shi ko a ƙara masa ƙarfi kafin ya haura sama. Idan kumburi ko raunin jijiya ya daɗe yana aika saƙo, sai lakar ta zama kamar rediyon da aka ƙure wa murya, taɓawar riga ma ta isa ƙwaƙwalwa a matsayin ƙuna. Ita wannan ƙwayar cutar a tushen jijiya take ɓuya, dab da laka, shi ya sa ƙurajen suka bi gefe ɗaya. Diclofenac kuwa sinadarin prostaglandin mai kawo kumburi yake ragewa, ba ya yi wa ciwon jijiya wani abin kirki. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne shansa kullum, domin yana jawo gyambon ciki, yana taɓa ƙoda, balle dattijo. Ku kai shi asibitin koyarwa na Shika. Akwai magungunan ciwon jijiya irin su amitriptyline da pregabalin, amma likita ne zai rubuta.

Wani malami daga Samaru: Gaskiya ta faɗa. Tun 1965 wasu masu bincike biyu, Melzack da Wall, suka bayyana cewa laka tana da wata irin ƙofa mai iya tare saƙon zafi, shi ya sa in mutum ya buge ya murza wurin yakan ji sauƙi. Amma Baba kada a murza masa da man zafi, wahala za a ƙara masa.

Wata uwa daga Sabon Gari: 'Yata, a nemo masa riga mai laushi mai faɗi. In wani ya ce a gwada taramadol, kada ku yarda. Ranar zuwa asibiti ku tafi da kwalayen duk magungunan da yake sha.