Lambar yabon kakana ba ta cikin takardunshi na soja, ina ake gyara wannan?

Ɗan Mokoyo:
Assalamu alaikum jama'a, don Allah wanda ya san harkar takardun mazan jiya ya taimaka mani da shawara. Kakana tsohon sojan Faransa ne, an ɗauke shi a 1955 daga wajen Tasawa, ya yi yaƙin Aljeriya, bayan an samu 'yancin kai aka maido shi cikin sojan Nijar inda ya ƙarasa aikinshi da galan sarsan. Yanzu yana nan gida wajenmu, ƙafa ta ƙi, ido ya yi rauni, amma kai garau yake don har gobe lambar matirkil ɗinshi yana karanto ta da faransanci babu gargada.

To ga matsalar. Yana da lambobin yabo guda uku da yake ajiya cikin wani tsohon gwangwanin madara, biyu ba mu da damuwa da su, akwai ta tunawa da yaƙin mai ɗan ƙarfe an rubuta ALGERIE a jiki, akwai wadda ke tafiya da katinshi na mazan jiya. Ta ukun ce rigimar, wata kuros ce mai jan ƙyalle da farin layi uku da ɗan tauraro na tagulla a kai, shi ya ce kanar ɗinsu ne da kanshi ya maƙala mishi ita gaban jama'a a 1957 saboda ya ɗauko litinan ɗinsu da aka harba ya fito da shi daga cikin duwatsu, amma da muka duba takardar da ke lissafa aikinshi babu ita babu labarinta, shi kuma ɗan littafinshi na soja gara ta cinye shafukan tsakiya tun da daɗewa. Abin na ci mishi rai sosai, wai wani cikin abokan zamanshi ya taɓa yi mishi ba'a ya ce sayenta ya yi. Ba kuɗi yake nema ba, so yake a rubuta ta kawai. Ana iya gyara irin wannan bayan shekara kusan 70? Kuma wajen wa, Yamai ko Faransa?

Bagobiri na Tibiri:
Wa alaikumussalam. Ni dai abokina in za ka ji tawa ka bar tsoho ya huta. Mutanen da sunka daskare ma kakanninmu kuɗin fansho tun 1959, Bafaranshe na amsar nashi cikakke baƙin da sunka sha wuta tare na amsar canji, sai 2007 sannan aka fara daidaitawa bayan mafi yawansu sun mutu, su ne za ka je kana roƙo su rubuta ma layi guda? Mi za ta ƙara mai? Kuma ofishin jakadancinsu ma na Yamai a rufe yake tun Janairun 2024, ta ina za ka bi. Ku da kuke jikokinshi kun yarda da shi ai ya isa.

Lajidan mai ritaya:
Bagobiri maganarka ta fansho gaskiya ce, ba mai musu, amma ba ita yaron nan ya tambaya ba, kuma wanda bai taɓa sa kaki ba ba zai gane abin da ke damun dattijon nan ba. A ce ma soja lambarshi ta saye ce, zagi ne babba.

Ɗana saurara da kyau. Na yi shekaru a ofishin da ke riƙe da dosiyen sojoji kafin in aje aiki, abu na farko da za ka sa a kai shi ne ƙarfen da ke cikin gwangwani ba hujja ba ne a wajen kowane ofishi, don ana sayar da irinshi, hujja ita ce takardar da ta ba da shi, mai lamba da kwanan wata da sa hannun shugaba. Yadda ka siffanta ta, jan ƙyalle da farin layi uku, wannan Croix de la Valeur militaire ce, a 1956 aka ƙirƙiro ta saboda yaƙin Arewacin Afirka, kuma ba a ba da ita haka kawai, sai an rubuta ma soja abin da ake ce ma citation, wato 'yan layuka da ke faɗin abin da ya yi da ranar da ya yi shi. Tauraron tagulla na nufin a matakin rejima ko birgad aka yabe shi, na azurfa matakin dibiziyon ne, reshen dabino kuma shi ne na sama duka. To tunda ya ce kanar ne ya maƙala mishi, maganar tsoho ta yi daidai da tauraronshi, wanda ya je ya saya ba lalle ya san wannan ba.

Na biyu, kakanka dosiye biyu gare shi. An kafa rundunar sojan Nijar ran 1 ga Agusta 1961, waɗanda aka maido daga sojan Faransa irinsu marigayi Seyni Kountché, wanda shi ma ya yi Indoshin da Aljeriya, an buɗe musu sabon dosiye a nan, kuma da hannu sakatare ke kwafo abin da ke cikin tsohon, to a irin wannan kwafe-kwafen ne layi ke faɗuwa, na ga irinshi ba ɗaya ba ba biyu ba. Ka duba kan takardar da ke hannunku, in hatimin Nijar ne a kai to kwafi ce, uwar tana Faransa. Duk abin da ya faru kafin 1961 can za a nema, a garin Pau, wajen da ake kira Centre des archives du personnel militaire cikin barikin Bernadotte, nan ake ajiyar dosiyen sojojin da Faransa ta ɗauka a ƙasashenmu kuma nan ne fayil ɗin citation yake. Ba sai ka bi ta jakadanci ba, wasiƙa za ka rubuta da faransanci da sunan tsoho ya sa hannu ko ya dangwala, ka nemi abu biyu a fili: état signalétique et des services ɗinshi, wato takardar da ke lissafa aikinshi na soja, da kwafin citation ɗin. Ka sa suna, sunan uba, shekarar haihuwa, inda aka ɗauke shi da shekarar, matirkil, da rejimar da ya yi aiki, ka haɗa da fotokopin katin ɗan ƙasa da duk shafin littafin da gara ta bari ko da rabi ne.

Maganar rejima ka kula, a ƙarshen 1958 an canza ma rejimomin tirayer, wato na baƙaƙen sojojin Faransa, suna sun koma infanterie de marine, to in tsoho ya faɗa maka suna biyu kar ka ɗauka ruɗewa ya yi, ka rubuta su duka biyun.

Amma in gaya maka gaskiya tun yanzu kar ka sa mishi rai fiye da kima. Ba za su ba shi sabuwar lamba ba, an daɗe da rufe wannan ƙofar game da yaƙin Aljeriya, abin da za su yi shi ne su duba in an rubuta ta a wancan lokacin. In tana nan shi kenan, su aiko maka kwafi. In ba ta nan, labarin baki komai daɗinshi ba ya shiga dosiye.

Hajiya ta Zariya:
Lajidan Allah shi saka da alheri, ka yi bayani. Ɗana ni abin da zan ƙara maka shi ne maganar suna, don nan muka sha wuya da takardun mahaifina Allah ya jiƙanshi. A littafin soja an rubuta shi da sunanshi da sunan ƙauyensu, a katin ɗan ƙasa kuma da sunan ubanshi, shekarar haihuwa can an sa wajen 1934 nan an sa 1937, ka san mutanen da ba takardar haihuwa gare su ba, likitan soja ne ke duban mutum ya yanka mishi shekaru. Amsar farko da ta zo mana cewa aka yi ba a samu mai wannan suna ba, muka zauna jugum. Sai da muka je aka yi mana takardar shaida cewa sunayen biyu mutum guda ne, da shaidu biyu cikin tsofaffin unguwa aka buga hatimi, muka sake aikawa da sunan yadda yake a littafin soja harafi da harafi, sannan dosiye ya fito. To kai ka fara da wannan tun farko. Kuma ka yi shi yanzu da ranshi, don in ya rasu sai an nemi takardar mutuwa da shaidar kai wane ne a wajenshi, aiki ya zama biyu. Kar ka ba kowa asalin takarda ko da na kwana ɗaya ne, kuma 'yan kamashon da ke cewa kawo jika hamsin suna da hanya a Faransa, ka rabu da su.

Ɗan Mokoyo:
Baba Lajidan, Hajiya, na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci. Na duba, hatimin Nijar ne a kan takardar kamar yadda ka ce, kuma na tambayi tsoho rejima ya ba ni suna biyu, da na ɗauka tsufa ne. Akwai ɗan ƙanen babana da ke karatu a Faransa zan tura mishi ya jefa wasiƙar daga can. Tambaya ta ƙarshe, in kwafin ya zo sai me? Kuma ko akwai wani kuɗi da ke biyo ta, don 'yan gida sun fara lissafi.

Soja ɗan Madarunfa:
Kafin mon lajidan ya amsa, ku sani abin nan ba na tsofaffi kaɗai ba ne. Mu da muka je Kodebuwa ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, lambar su bayan kwana 90 ake ba da ita tare da 'yar takardar shaida, wasu sun riƙe ƙarfen sun yar da takardar, sai lokacin ritaya aka ga ba ta cikin dosiye, ita kuma ONUCI, rundunar Majalisar a Kodebuwa, an rufe ta tun 2017, wa za ka je ka tambaya. Duk wanda ke cikin kaki yanzu ya riƙa neman ganin dosiyenshi lokaci lokaci, ya yi fotokopi ya aje a gida ya ɗauki hoto a waya.

Lajidan mai ritaya:
Ka ce ma 'yan gida su aje lissafi, wannan kuros ba ta da ko dala. Ko Médaille militaire da ta fi ta girma, abin da ke biyo ta yuro 4,57 ne a shekara, kusan jika uku kenan. In kwafin ya zo ka yi fotokopi a buga mishi hatimin shaida, ka rubuta takardar roƙo zuwa ga hukumar soja a Yamai cewa a ƙara wannan layi cikin dosiyenshi na Nijar, da lambar odar da kwanan watanta kamar yadda suke a takardar Pau. Ka bi ta ƙungiyar mazan jiya ta nan Maraɗi, su sun san ofishin da za ta sauka, kuma duk inda ka aje takarda ka amshi rasit mai kwanan wata. Amsar Pau takan ɗauki watanni, ka sa adireshin ɗan uwanka na can a wasiƙar don ta fi saurin isa hannu.