Steve Jobs da 'yarsa Lisa: me ya taɓa ku a fim ɗin?

Mai gyaran waya, Kano:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya na kalli fim ɗin Steve Jobs, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Apple, na 2015, wanda Danny Boyle ya ba da umarni. Na ɗauka labarin ƙera iPhone zan gani, tunda sana'ata ke nan. Ashe fim ɗin bai ma kai zamanin iPhone ba. Duk a bayan dandali yake, gab da ƙaddamar da kwamfutoci sau uku: Macintosh a 1984, NeXT a 1988, sai iMac a 1998. Kowane karo kuma ga Lisa, 'yar da ya daɗe yana musun cewa tasa ce. Na kwana ina tunanin 'yata, wadda nake fita tana barci, in dawo daga shago ta yi barci. Wa ya kalla?

Wata 'yar uwa, Zariya:
Wa alaikumus salam Malam. Na kalla, kuma sai da na tsayar da shi na share hawaye. Wurin da yarinyar take murna an sa wa kwamfuta sunanta, shi kuma ya dube ta ya ce ba don ita aka sa ba, nan ne na kasa. Ina shekara huɗu mahaifina ya rabu da mahaifiyarmu. Mutum ne da ake yabo a gari, kowa na cewa ya taimake shi, amma kuɗin makarantata sai Inna ta aika sau uku kafin su zo. To haka mahaifiyar Lisa take zuwa roƙo a fim ɗin, alhali hannun jarin Jobs ya kai miliyoyin daloli. Sulhun da Jobs da Lisa suka yi a ƙarshe bai gamsar da ni ba. Ciwon shekara goma sha tara ba ya warkewa da magana ɗaya mai daɗi. Ni da nawa mahaifin mun shirya, amma sai da muka yi shekaru muna koyon gaisawa.

Malamin kwamfuta, Kaduna:
Allah ya ƙara haƙuri 'yar uwa. Ni Wozniak, abokin Jobs da suka kafa Apple tare, shi ne ya tsaya mini a rai. Shi ya ƙera Apple II, injin da ya ciyar da kamfanin shekara da shekaru, kuma abin da yake roƙo bai wuce a ambaci ma'aikatan da suka yi aikin ba. Jobs ya ƙi. An taɓa yi mini haka a wani ofis: wata shida ina rubuta manhaja, ranar gabatarwa ko sunana ba a kira ba. Amma a yi wa Jobs adalci, fim ɗin bai nuna matarsa Laurene Powell da ya aura a 1991 ba, balle 'ya'yansu uku.

Mai gyaran waya, Kano:
Gaskiya ne Malam. Kuma shi ma Jobs riƙonsa aka yi tun yana jariri a 1955. Mahaifinsa na jini, Abdulfattah Jandali, mutumin Homs ne a Siriya. Wanda ya san zafin a ba da shi, ya zo ya ƙi tasa 'yar, abin ya ɗaure mini kai. Yaya ta Zariya, maganarki ta shige ni. Yau tun la'asar na rufe shago, ni na ɗauko yarinyar daga Islamiyya.