Wace safar hannu ta dace da mai tuƙa babur a zafin Damagaram?

Ɗan Sabon Gari:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina neman shawara kan safar hannu ta mai babur da ke yawan bin hanyar Mirriya da ta Magarya. A kasuwar Dole akwai iri-iri: ta saƙa, ta leburori, mai yankakkun yatsu, da mai roba a baya. Wacce ce ke kare hannu da gaske idan an faɗi, kuma mutum zai iya jure ta a zafin Afrilu da Mayu?

Malam Na Zango:
Wa alaikumus salam ƙanena. Fara duba tafi, ka bar kyan bayanta tukuna. Duk wanda babur ya kayar, tafin hannunsa yake fara kaiwa ƙasa ba da saninsa ba. Don haka tafin ya zama na fata tun daga wuyan hannu har ƙarshen yatsu, kuma a gindin tafi, ta gefen ƙaramin yatsa, a sami ninki na biyu. Wasu suna da ɗan faifan roba mai tauri a wurin. Aikinsa hannu ya zame a kan kwalta maimakon ya cije; idan ya cije, nauyin jiki duka yana sauka kan wuyan hannu, sai ƙaramin ƙashin da ke gindin babban yatsa ya karye. Wannan ƙashi jini bai cika isarsa ba, shi ya sa yake daɗewa bai haɗe ba.

Na biyu ɗamarar wuyan hannu. Sa safar, ka ɗaure, sannan ka kama yatsunta da ɗayan hannun ka ja da ƙarfi. In ta fita, ajiye ta, domin haka za ta fita a kwalta tun a gogar farko.

Ta saƙa maganin sanyi ce kawai, ga santsi a kan totur. Mai yankakkun yatsu kuwa ta bar wurin da ya fi saurin sulluɓewa a buɗe.

Hajiya Mai Tsumma:
Ƙari kan bayanin Malam, a leƙa takardar da aka ɗinka a ciki. Safar babur da aka gwada a Turai tana ɗauke da alamar CE ta cika ƙa'idar Turai, da hoton mutum a kan babur, da rubutun EN 13594, wato ma'aunin gwajin safar babur, da lamba 1 ko 2. Lamba 1 na nufin tafin ya jure gurza aƙalla daƙiƙa 4 a wurin gwaji, lamba 2 daƙiƙa 8. In an ga KP, an gwada kariyar gaɓoɓin bayan hannu ma. A Faransa tun Nuwamba 2016 doka ta wajabta irin wannan safa ga direba da wanda ya goya, shi ya sa ake cin karo da ita jefi-jefi a kayan gwanjo. Wadda aka rubuta wa EN 388 ta aikin hannu ce, ma'auninta daban.

Alamar CE ita kaɗai ba hujja ba ce, ana buga ta a jabu. A juya safar a duba ɗinki: a buɗa tsakanin babban yatsa da manuniya, in zare ya bayyana yana rabuwa, a bar ta. Ta gwanjo kuma a lanƙwasa fatar. Wadda ta bushe tana tsattsagewa ta gama aiki.

Ɗan Sabon Gari:
Na gode ƙwarai. To awo fa, da maganar zafi? Kuma dukawanmu na Birni ba za su iya ɗinka ta ba?

Malam Na Zango:
Ɗauki awon tela ka zagaye tafinka ta kan gaɓoɓi, ban da babban yatsa. Santimita 20 zuwa 21 galibi M ne, 22 zuwa 23 L, amma kamfanoni sun sha bamban, gwaji ya fi. Gwada ta kana riƙe da kan babur, ka matsa birki da kuloci sau da yawa. Ƙarshen yatsa kada ya doki ɗinki, kada kuma fata ta taru a tafi, tarin nan shi ke kawo kanta da makara wajen kama birki. Ta fata ta ɗan kama ka ranar farko, za ta saki. Ta yadi ba ta saki.

Zafi kuwa, nemi mai tafin fata da bayan raga, ko fata mai ƙananan huji a baya, mai launi mai haske. A hunturun Disamba da Janairu, in za a kama hanyar Tanut da asuba, sai a sa siririyar safar auduga a ciki, muddin yatsu na motsi. Yatsun da sanyi ya ƙanƙare ba sa jin birki.

Baduku:
Ranka ya daɗe, za a iya ɗinkawa, amma da sharaɗi. Fatar akuya ita ce ta dace, tana da laushi da ƙarfi, ta jar akuyar Maraɗi ma duniya ta san ta. Sai dai wadda ake fefewa don jaka da alabe ta yi siriri. A bar ta da kaurin kusan milimita 1, a ninka tafi, a yi ɗinki layi biyu da zaren lailan, kada gamin ɗinki ya faɗo tsakiyar tafi. Jimar bagaruwa kan yi tauri in ta sha gumi ta bushe, kuma ba wanda ya gwada ta da na'ura, don haka mai doguwar tafiya da gudu ya fi masa ya nemi mai lamba.

Ko wacce aka saya, kada a shanya ta a rana ko a bar ta kan tanki. A goge gishirin gumi da ɗanyen tsumma, ta bushe a inuwa, a shafa man kaɗe kaɗan a baya, ban da tafi don gudun santsi. Baƙin mai da fetur suna lalata fata da zare. Wadda ta taɓa gurzar kwalta har ɗinki ya buɗe, a sake ta.