Don Allah wa ya iya karanta tsohon ajami a Zariya?

Salam 'yan uwa, taimako nake nema. Ina haɗa tarihin kasuwar garinmu Maƙarfi ne, yadda cinikin rake da mazarƙwaila ya kafu har manyan motoci ke zuwa lodi, to sai na samu wasu takardun ajami a akwatin marigayi kakanmu, akwai sunayen fatake da lissafin kuɗin wuri, ina zaton sun girmi shigowar Turawa Zazzau a 1902. Matsalar tawadar ta dushe, gara ta ci gefe, malamai sun duba sun ce rubutun na mutanen da ne ya musu wuya.

Wa ya san dattijo a cikin birni ko Tudun Wada, ko malamin tarihi a jami'ar Ahmadu Bello da zai karanta min? Sannan ya ake adana su kar su ƙarasa lalacewa? Wallahi abin na damuna.