Famfon ƙarin girman gaba: ana iya haɗa shi a gida?

Ɗan kabu-kabu:
Salamu alaikum ƴan uwa. Kunya ta sa na ɓoye suna. Aurena bayan babbar salla ne in sha Allah, kuma hankalina bai kwanta da girman gabana ba. Na ga famfon da ake talla a Facebook, mai kawo shi daga Kano ya ce jika 25. Ina na ga wannan kuɗi ga lefe a gaba? Abokina mai faci a Zariya ya ce zai haɗa mini da gorar roba da tiyo da tsohon famfon keke. Akwai wanda ya gwada?

Majo:
Wa alaikumus salam ƙanena. Aikin jinya nake, ka saurare ni. Famfon akwai shi, amma lokotoro na rubuta shi ne ga mai raunin mazakuta, irin masu ciwon suga. Yana zuƙe iska, jini ya cika gaba, a sa zobe a gindinta, zoben kuma ba ya wuce minti 30. Da jinin ya koma, kowa ya koma yadda Allah ya yi shi. Ba ya ƙara ko ɗigo.

Na likita yana da abin da ke hana zuƙar wuce kima. Na mai faci fa? Ka san yadda fata ke yi in wanzami ya ɗora ƙaho: ta kumbura, jini ya taru ya yi baƙi. To haka, a wurin da fatar ta fi ko'ina laushi. Ƙananan jijiyoyi su fashe, bakin gora ya yanka, wurin ya mutu ka daina jin komai. Mai sikila ko mai shan maganin tsinka jini, ko na likitan ma ba a so ya taɓa. Miƙewar da ta haura awa 4 kuwa sai asibiti da gudu.

Baban Hajo:
Mai faci ya tsaya ga taya don Allah! Ango, wa ya ce maka ƙarama ce? Ko fina-finan waya ne?

Majo:
Tambayar ke nan, Baba. A 2015 an haɗa awon maza sama da 15,000 a wani bincike a Ingila, matsakaici ya kama santimita 13 a miƙe. Yawancin masu zuwa da wannan kuka lafiyarsu lau. Mai tumbi ma kitse ne ke ɓoye masa.

Ɗan kabu-kabu:
Na gode Majo. Sikilar nan ta tsorata ni, ƙanwata na da ita, ni ban taɓa awo ba. Gwajin aure zai nuna?

Majo:
In ka roƙa a haɗa da shi, e. Ka ce awon sikila kake so, kuma ku je tare da amaryar.