Wane gem ne mai sihiri yake ƙara ƙarfi da gaske idan lebul ya hau?

Ɗan Fagge:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya ce ga waɗanda suka goge a harkar RPG, wato gem ɗin kwamfuta da kake gina jarumi yana hawa lebul. A Skyrim, mai sihirina na Destruction (sihirin kai hari) ya kai lebul 38, gwanintarsa ta kusa 90, amma dodon Draugr Deathlord guda ɗaya sai ya shanye masa magicka (ƙarfin jefa sihiri) tas kafin jininsa ya kai rabi. Mai takobi kuwa sara kaɗan ya gama da shi. Kuskure ne wajen gina shi, ko haka gem ɗin yake? Sannan wane gem za ku ba da shawara, wanda mai sihiri zai fara da rauni amma kowane lebul ya buɗe masa sabon abu, ba lamba kawai ba? Laptop ce mai GTX 1650 da RAM 16GB.

Goga Bazazzagi:

Wa alaikumus salam. Ba daga gare ka ba ne, haka kamfanin Bethesda suka ƙera shi tun 2011. Hauhawar gwanintar Destruction ba ta ƙara wa sihiri zafi ko ƙanƙani, abin da take yi kawai rage magickar da kake kashewa. Incinerate yana cin jini 60. Ka zuba maki biyu a Augmented Flames ya koma 90, daga nan ya tsaya cak, su kuwa abokan gaba suna ta hawa tare da lebul ɗinka. Takobi ba haka yake ba, gwaninta tana ƙara masa, wasawa a maƙera tana ƙara masa.

Maganin a nan Enchanting ne, wato gwanintar sa sihiri a jikin kaya. Ka kai shi 100, ka cika Enchanter biyar, ka ɗauki Insightful Enchanter, sannan ka sa Fortify Destruction a hula, riga, zobe da sarƙa da grand soul gem. Kowanne yana rage kashi 25, huɗu sun tashi 100, sihirinka ya zama kyauta. Ka haɗa da Impact, wanda ake samu a Destruction 40: duk jifan da ka yi da hannu biyu sai abokin gaba ya yi tangal-tangal, kafin ya dawo hayyacinsa ka sake. Ka lura, Fortify Destruction na sha shi ne yake ƙara zafi, na sawa a jiki farashi kawai yake ragewa. Mutane da yawa suna rikita su. Za ka ci faɗa da wannan, amma faɗa ne na danna maɓalli ɗaya har dodo ya faɗi. Ba shi kake nema ba.

Abin da kake nema Baldur's Gate 3 (BG3) ne, na kamfanin Larian da ke Beljiyam, wanda ya fito a 2023 bisa dokokin Dungeons & Dragons bugu na biyar. A can babu layin magicka da ke cika da kansa. Gurabe ake ba ka, yawancin sihiri yana cin gurbi ɗaya daidai matakinsa, kuma galibi ba sa dawowa sai an yi dogon hutu a sansani, wanda ke cin guzuri 40, ko 80 a saitin wahala na Tactician. Wizard a lebul 1 gurbi biyu rak gare shi, kuma goblin biyu za su iya kwantar da shi. A lebul 3 ya sami mataki na biyu, Misty Step da Hold Person su shigo. Lebul 5 shi ne inda labari yake canjawa: gurbi huɗu na mataki na ɗaya, uku na biyu, biyu na uku, ga Fireball, Counterspell, Haste (mai ƙara wa mayaƙi sauri) da Lightning Bolt. Mataki na huɗu a lebul 7, na biyar a 9, na shida a 11, gem ɗin kuma ya tsaya a 12.

Lissafinsa a fili yake. In ka ga 8d6 a jikin Fireball, ƙwayar lido ce mai fuska shida a jefa guda takwas a tara, matsakaici 28 ga duk wanda ke cikin da'irar, rabi ga wanda ya tsallake gwajin Dexterity. Lambar da za su tsallake ita ce 8, a tara da proficiency (ribar ƙwarewa da ke hawa da lebul), a tara da ribar Intelligence ɗinka. A lebul 5 da Intelligence 18, 8 da 3 da 4 ke nan, 15. Shi ya sa a lebul 4 gara ka ƙara Intelligence da ka ɗauki wani feat (baiwa ta musamman) na ƙawa.

Daɗin Wizard kuwa takardun sihiri ne. Duk wadda ka tsinta a akwati ko ka saya, in tana cikin matakin da kake da gurbinsa, za ka iya kwafe ta cikin littafinka har abada da zinariya 50 kan kowane mataki, 25 in ta makarantar da ka zaɓa ce. Kada ka karanta takardar Haste a faɗa sau ɗaya ta ƙone, alhali 150 za ta mayar da ita taka.

Na'urarka za ta ja shi a ƙananan saiti, sai dai babi na uku, cikin birni, yana wahalar da furosesa. Kuma yana son fili 150GB a SSD, don haka ka yi lissafin data kafin ka fara saukewa.

Hajiyar Gem:

Malam Goga ya yi bayani, amma akwai abin da ya tsallake: BG3 faɗan bi-da-bi ne, kowa ya jira layinsa. Wanda ya saba da Skyrim zai iya jin ya yi masa sanyi. In da hannunka kake son ka kauce ka jefa, Elden Ring ne, na FromSoftware, 2022.

Ka fara da Astrologer, Intelligence 16. Maki biyu kacal kake buƙata ka kai 18, don su ne sharaɗin sandar Meteorite Staff da sihirin Rock Sling, duka biyun a kangon Street of Sages cikin fadamar Aeonia a Caelid. Kana iya zuwa a kan doki tun ba ka kashe bos ko ɗaya ba. Ka ɗauka ka gudu, kada ka tsaya gaisawa da kowa a wurin, kuma kada ka sauka cikin jan ruwan nan, ruɓa yake sawa. Sandar tana da S a Intelligence tun daga farko, amma ba a iya wasa ta, saboda haka zuwa tsakiyar gem sandar da aka wasa sosai za ta wuce ta. Lambar Sorcery Scaling ita za ka riƙa dubawa, ba harafin ba. Rock Sling kuma duka ne na dutse ba na sihiri ba, shi ya sa yake aiki a kan bos ɗin nan Rennala, wadda sihirin Glintstone Pebble ke yi mata kamar susa.

Inda masu sihiri suke faɗuwa guri ɗaya ne: su zuba komai a Intelligence su bar Vigor, mai ƙara jini, a 9 yadda ya zo. Sai bos ya rufe tazara da tsalle ɗaya, shi ke nan. Ka kai Vigor 25 da wuri, 40 kafin birnin Leyndell. Gurbin haddace sihiri biyu ne a farko, Memory Stone ne ke ƙara su har goma, ba lebul ba, yawanci a saman hasumiyoyin Rise. Comet Azur da ake ta yaɗawa a bidiyo yana son Intelligence 60 da gurbi uku, kuma in ba ka haɗa shi da Cerulean Hidden Tear ba, FP ɗinka, wato magickar wannan gem ɗin, zai ƙafe cikin 'yan daƙiƙu. Ko da ita ma, bos mai yawan zirga-zirga ficewa yake daga hasken ya bar ka kana harbin iska. Carian Slicer mai cin FP 4 ya fi shi amfani a yawancin faɗa, a ganina.

Ɗan Fagge:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. BG3 zan fara. To Wizard ko Sorcerer? Kuma ana ta cewa Haste yana iya jawo wa tawaga asara, ta yaya?

Goga Bazazzagi:

Wizard yawan makami, Sorcerer ƙarfin duka. Sorcerer ba ya kwafar takarda, sihirinsa 'yan kaɗan ne, amma yana da makin Metamagic daidai lebul ɗinsa. Twinned Spell yana cin maki daidai matakin sihirin, ya sa shi a kan mutum biyu. Quickened Spell yana cin uku, ya mayar da sihiri bonus action (ƙarin motsi a zagaye), wato ka jefa manya biyu a zagaye ɗaya, abin da dokar Dungeons & Dragons ta wasan tebur ta hana amma gem ɗin ya bari.

Batun Haste kuwa batun concentration ne, wato riƙon sihiri. Guda ɗaya tak ake riƙewa a lokaci guda. Kana riƙe da Haste ka jefa Hold Person, na farkon ya tafi, kuma a nan sababbi suke cutar kansu. In an doke ka, sai ka yi gwajin Constitution: ka kawo 10 ko rabin jinin da aka ci maka, duk wanda ya fi yawa. An ci maka 30, sai ka kawo 15. In an kayar da kai ƙasa kuwa babu ma gwaji, riƙon ya tsinke, ko da santsin ƙanƙarar da kai ka shimfiɗa ne ya kwashe ka. To da Haste ya tsinke, wanda aka sa wa sai ya zama Lethargic, ya rasa zagaye guda cur yana tsaye kamar gunki. In Twinned ka yi, mayaƙanka biyu ne za su sandare a tsakiyar abokan gaba lokaci ɗaya.

Kariya: Constitution 14 ko 16 tun wajen ƙirƙira, Mage Armour da safe, Shield a shirye don yana ƙara 5 a AC (lambar kariya daga duka) lokacin da aka kawo hari, War Caster a lebul 8. Da ka jefa Haste ka ja da baya ka laɓe bayan bango, ko ka hau tudu, wanda ma yake ƙara 2 ga jifa. Sorcerer ya fi Wizard a nan don yana da proficiency a gwajin Constitution tun lebul 1. In za ka gauraya aji biyu, wanda ka fara da shi ne yake ba da wannan, don haka Sorcerer a gaba. Kada ka sa masa sulken da bai iya ba, sihiri gaba ɗaya zai ƙi fita. In ka ɓata gini, Withers da ke sansaninka yana warware maka komai da zinariya 100.

Ɗan Maraɗi:

Ƙari a kan na Malam Goga, don Fireball ba shi ne ƙarshen zance ba. Jiƙa abokin gaba ya fi. Wanda ya jiƙe, walƙiya da sanyi ninki biyu suke ci masa. Shadowheart, ɗaya daga cikin 'yan tawagarka, ta jefa Create Water, mataki na ɗaya ne, ko wani ya wurga kwalbar ruwa, sai mai sihiri ya bi da Lightning Bolt. 8d6 ɗin nan mai matsakaicin 28 ya koma 56. In ka ba Sorcerer lebul biyu na Tempest Cleric, Destructive Wrath yana sa kowace ƙwaya ta faɗo a shida: 48, a ninka, 96 ga duk wanda ke kan layin bai tsallake ba. Storm Sorcerer ma yana samun Create Water nasa a lebul 6, sai ya yi Quickened ya jiƙa, ya harba a zagaye ɗaya ba tare da jiran kowa ba.

Kurakurai biyu ne a ciki. Jiƙaƙƙe rabin wuta kawai yake ji, saboda haka kada ɗaya ya zuba ruwa ɗaya ya jefa Fireball, aikin baban giwa ke nan. Na biyu, ruwan da ya kwanta a ƙasa yana ɗaukar lantarki, in mayaƙinka na tsaye a ciki da shi za a gasa. Ka duba layin hotuna da ke sama, mai nuna jerin bi-da-bi, ka tabbata mai ruwa yana gaban mai walƙiya kafin ka fara.

Warlock ma kada a raina shi. Gurabensa kaɗan ne amma gajeren hutu yana dawo da su, ana kuma samun biyu kafin kowane dogon hutu. Eldritch Blast ba ya cin gurbi, 1d10 ne, harbi biyu a lebul 5, uku a lebul 10, kuma Agonising Blast yana ɗora ribar Charisma a kan kowane harbi. Lebul biyu na Warlock a jikin Sorcerer sun isa.

Ga wanda na'urarsa ko datarsa ba za ta ɗauki 150GB ba, Morrowind na 2002 yana nan, kusan kowace tsohuwar laptop tana jan sa. Shi ne ma yake barin ka ƙera sihirinka da kanka: ka je wurin mai haɗawa a Mages Guild na Balmora, ka zaɓi ƙarfi, tsawon lokaci da faɗin da'ira daga duk tasirin da ka riga ka koya. Sai dai a can sihiri yana iya ƙin kamawa. Lissafin shi ne gwaninta sau biyu, da kashi ɗaya cikin biyar na Willpower, da ɗaya cikin goma na Luck, a cire farashin sihirin, a ninka da yanayin gajiya, daga 0.75 in koren layin gajiya ya ƙare zuwa 1.25 in ya cika. Wanda ya sheƙo da gudu ya faɗa kogo koren layinsa a ƙasa, zai ta jefawa yana jin fuss, magicka na tafiya a banza, ga shi ba ta dawowa sai da barci ko magani. Ka taka a hankali kafin ƙofa, ka jira awa ɗaya, sannan ka shiga.

Hajiyar Gem:

Gyara kaɗan, Malam Goga. Kwafar takarda ba sai cikakken Wizard ba. Sorcerer 11 da Wizard 1 yana iya kwafar har mataki na shida, don gurabensa ake dubawa ba lebul ɗin Wizard ba. Matsalar ita ce waɗanda ya kwafa da Intelligence suke aiki, ba Charisma ba, kuma adadin da zai shirya lebul ɗin Wizard ne a tara da ribar Intelligence. Da Intelligence 8 guda ɗaya ne. Warped Headband of Intellect da ke jikin Lump, shugaban ogre ukun nan na Blighted Village, yana mayar da ita 17, sai su zama huɗu. Ka cika su da waɗanda ba sa buƙatar gwaji, irin su Shield, Misty Step, Haste da Globe of Invulnerability, ka bar masu duka a hannun Charisma.